Shataletale ne ya gaza a Kano, ko tuƙinmu ne?

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum. Tun da aka mayar da shataletalen Dangi gadar sama da ta ƙasa cunkoson wurin ya ragu, amma yanzu motoci suna saukowa daga gada da gudun da ke sa mai tafiya a ƙasa ya daɗe a bakin titi kafin ya samu damar tsallakawa. Shin shataletalen ne ya gaza, ko kuwa mu ne ba mu iya bin sa ba?

Injiniyan hanya:
Wa alaikumus salam, Malam. Amfanin shataletale a siffarsa yake, domin lanƙwasar da ke bakinsa tana tilasta wa direba taka burki ko yana so ko ba ya so, alhali danja tana iya nuna ja mutum ya wuce abinsa idan ya ga babu jami'i. A mararraba mai hanya huɗu akwai wurare 32 da motoci za su iya cin karo, a shataletale mai layi ɗaya kuwa 8 ne kawai, kuma karon yawanci gogar gefe ce, ba gaba da gaba ba. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi guda: mai shigowa ya dakata wa wanda ya riga shi shiga. Birtaniya ta mayar da hakan doka a 1966, mu kuma da muke tuƙi a hannun dama tun 1972, wanda ke tahowa daga hagunmu shi ke da hanya. Idan motoci suka yi yawa ainun, shataletale shi kaɗai ba ya wadatarwa, gada kuma tana sauƙaƙa wa mota ne, ba mai ƙafa ba.

Tsohon direban haya:
Injiniya, bayaninka daidai ne a takarda, amma direbobi nawa ne aka koya musu wannan sharaɗi kafin su hau titi? Abin da ake yi shi ne kowa ya cusa kan motarsa, wanda ya ji tsoro ya tsaya. Ɗan adaidaita sahu kuma a bakin mafitar zai ja birki ya ɗauki fasinja, ya toshe duk wanda ke bayansa. Muddin jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, yana tsaye kowa ya san layinsa, da ya juya baya kuwa sai a cakuɗe.

Malamar firamare:
Ni damuwata titunan cikin unguwa ne. Mutane sun gaji da ganin ana buge yara, sai su zuba kankare su yi tudun rage gudu mai tsini, babu fenti, babu alama, har ya riƙa kayar da masu babur da daddare. Da hukuma za ta gina faffaɗan tudu mai farin fenti a ƙofar kowace makaranta, ya zama shi ne wurin tsallakawa, da an huta. Kilomita 50 a sa'a da aka ƙayyade a cikin gari ya yi yawa a lokacin tashin yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya 30 take ba da shawara a irin waɗannan wurare.