Wace kyamara ce ke jure gishirin teku da ƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin sayen kyamara don aikin da rabinsa a bakin teku ne, rabinsa kuma a fili mai yashi da iska. Na ga wasu an rubuta musu cewa ruwa da ƙura ba sa shiga. Wannan rubutun ya isa in dogara da shi? Kuma me zan duba a gilashin kyamarar da ƙafar da ake ɗora ta?

Mai gyaran kyamara:
Wa alaikumus salam. Malam, kada rubutun kwali ya ruɗe ka, lamba za ka nema. Ma'aunin IP, wanda ke nuna yadda na'ura ke jure ƙura da ruwa, lambobi biyu ne, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. Kyamarar OM-1 da ta fito a 2022 tana da IP53: 5 na nufin ƙurar da za ta shiga ba za ta hana ta aiki ba, 3 kuma yayyafi ne da ke zuwa a karkace, ba tsomawa a ruwa ba. Yawancin kamfanoni ba sa ba da lamba ko ɗaya, sai dai su ce sun sa zoben roba a ƙofar batir da ta kati da ƙarƙashin maɓallai.

Sannan da ruwan daɗi ake yin gwajin nan. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Feshin da iska ke kawowa yakan bushe ya bar farin gari a kan sukurori da mazaunin filashi da ƙananan ƙarafan da ke haɗa gilashi da kyamara. Gishiri kuwa mai jan laima ne, da danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin ɗari sai ya sake narkewa ya ci gaba da cin ƙarfe. Shi ya sa kyamara ba a bakin teku take mutuwa ba, a cikin jaka take mutuwa bayan makonni. Garanti kuma galibi ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Mai ɗaukar hoton daji:
Abin da malam ya faɗa haka yake, amma ni a ganina gilashi ya fi jikin kyamara muhimmanci. Gilashin zum (mai jawo abu kusa) da ke tsawo yana komawa tamkar famfo yake, duk juyi yana zuƙar iska da ƙurarta. Nemi wanda tsawonsa ba ya canzawa, mai zoben roba a gindi. Ɗaura filta mara launi, wato siririn gilashin kariya, a gaba. Wasu gilasan Canon, irin 17-40mm f/4L, sai da ita rufinsu ke cika.

Gilashi ɗaya za ka ɗaura tun daga ɗaki. In canji ya zama dole, kashe kyamarar, juya wa iska baya, bakinta na kallon ƙasa. Nikon Z8 da Z9 suna da labulen da ke rufe sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton a ciki, idan an kashe su. Don gane ko ƙura ta shiga, ɗauki hoton sararin sama a f/16, wato da ƙofar hasken gilashin a ƙuntace, ɗigogin za su fito ɓaro-ɓaro.

Mai gyaran kyamara:
Na manta da shara, wadda ita ce rabin aikin. Fara da robar hura iska, sai burushi mai laushi, sannan tsumma da aka jiƙa da ruwan daɗi aka matse sosai, sai busasshe. In ka fara da tsumma, yashin da kansa zai karce gilashin. Ban da iskar gwangwani, tana cusa ƙura ciki. Ajiye kayan a akwati mai rufi da ƙullin silika mai tsotse laima, danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50, don ya haura 60 funfuna na iya kama gilashi.

Mai hoton ruwa:
Ba wanda ya taɓo ƙafa, alhali ita ke tsayawa cikin ruwan. Ta zaren kabon ba ta tsatsa, amma mahaɗanta alminiyam ne, gishiri na cinsu. Zaɓi mai makullin murɗawa, don ana kwance shi ba tare da kayan aiki ba. Buɗe sashen ƙasa gaba ɗaya kafin ka kafa ta, don makullan su tsaya sama da yashi. Bayan aiki a kwance, a ɗauraye, a shanya, a shafa giris kaɗan a zaren murɗin.

In kuwa igiyar ruwa za ta riƙa dukanka, bar babbar kyamarar a gida. Ƙaramar kyamara TG-7 tana nitsewa har mita 15. Hotonta cikin duhu bai kai na manya ba, amma ita bayan aiki jiƙa ta ake yi cikin ruwan daɗi na minti 10, ƙofofinta a kulle, kuma a duba robar ƙofa kafin a rufe: ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ke nan filtar ita ma sai an cire ta an wanke zarenta, ko a bar ta a ɗaure?

Mai ɗaukar hoton daji:
A cire duk bayan fita. In gishiri ya bushe a zaren, sai ta liƙe ta ƙi kwancewa.