Kusa (ɓeraye) sun hana mu sakat a daji, mi za mu yi?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Mu huɗu munka taso da ƙafa daga Sakkwato za mu Wurno ta bakin gulbin Rima, kwana biyu ke nan muna kwana cikin tanti amma kusa sun addabe mu. Daren jiya sun huda gindin jakkata sunka cinye ƙuli-ƙuli, har kashi sunka bari cikin garin kwaki, dole na zubar don tsoron zazzaɓin Lassa. Mun rataye abincin ga reshen gawo, wallahi igiyar sunka biyo. Tarko kuwa, kusu ɗaya tal ya kama. Guba kam ba ni sawa, awakin Fulani na kiwo wurin.

Wane mazubi ne marar nauyi da haƙorin kusu bai iya hudawa?