Sauƙaƙa allon keken lantarki ga ɗan koyo: abin da makanikai suka ce

Makanikan Kano da suka tattauna batun sun haɗu a kan cewa abu uku kawai ɗan koyo ke buƙata a allo, wato ƙaramin gilashin da ke kan keken mai nuna bayanai: cajin batir, gudu, da matakin taimakon da injin keken ke bayarwa. Sauran lambobin ɗauke hankali suke yi, mutum ya sunkuyar da kai har adaidaita sahu ta yanko masa.

A allo samfurin S866 da SW900, a danne maɓallin sama da na ƙasa tare don shiga saiti. Kowane saiti na da lambarsa mai farawa da P. A saitin P05 a sa 0, matakan taimako su koma uku maimakon biyar. P08 na ƙayyade gudu. Kilomita 20 a awa ya isa makon farko.

Inda aka fi jan kunne shi ne P03, saitin bolt ɗin batir. Idan batirin mai bolt 48 ne aka bar saitin a 36, allo zai riƙa nuna caji cike har keken ya mutu a hawan gadar Ƙofar Nassarawa, sai turi. P06 kuma girman taya ne. In aka kuskure shi, lissafin gudu ƙarya zai zama.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton tsofaffin lambobin da waya.