Bayan canza sabar ajiya, ma'aikata ba sa ganin adadin wurin da aka kayyade musu

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masana Linux, na makale.

Mun dauke sabar ajiyarmu daga CentOS 7 mai tsarin fayil na ext4 zuwa Rocky Linux 9 mai tsarin fayil na XFS, muka kwafe fayiloli da rsync. Kowane ma'aikaci GB 50 aka kayyade masa, ta NFS (hanyar shiga fayilolin sabar daga wata kwamfuta) yake shiga.

Kayyadewar tana aiki. A kan sabar, xfs_quota na nuna lissafin kowa daidai. Amma ma'aikaci ya buga quota -s a kwamfutarsa, ba ta ce masa uffan, alhali a da take yanke yake ganin abin da ya ci da abin da ya rage. Yanzu sai mutum yana tsakiyar adana aiki rubutu ya tsaya, wai wurinsa ya cika. Wannan ne ke damuna, domin aikin mutane ne ke salwanta.

Na sanya quota-rpc, na tayar da rpc-rquotad (manhajar da ke mika lissafin wurin ajiya ga kwamfutocin ma'aikata), na bude kofofin sadarwa (port) 111 da 875 a firewalld. Rquotad na fitowa a rpcinfo -p daga bangaren ma'aikata. Duk da haka shiru.

Me kuma zai hana rquotad mika lissafin XFS ga kwamfutocin da suka hau ta NFSv4? Na gode.