Heather a gaban gida: in saka a ƙasa ko in sayi tukwane?

Maman Ilham (Luton): Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu gadin (lambun gida) ku taimaka min. Gaban gidan da muke haya akwai ɗan fili bai wuce tabarma biyu ba, ciyawa ta cinye shi har mai gidan ya fara ƙorafi. Na ga heather a shago, ɗan guntun itacen nan mai ƙananan furanni, wai ganyensa baya zuba ko da sanyi. To amma ƙasar Luton alli ce, kana tonawa kaɗan za ka ga fari fat, kuma maƙwabciyata baturiya ta ce baya son irinta. In saka a ƙasa haka ko in sayi tukwane? Hayarmu saura shekara ɗaya.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ana miya da shi ne?

Hajiya Bradford: Ƴata ki shuka na'a-na'a ki huta, ga shayi ga ƙamshi.

Baffa Glasgow: Wai sayensa ma ake yi? Ki zo nan cikin Agusta ki ga tsaunuka sun koma shunayya, ba mai ba shi ruwa ba mai kula shi. Ki saka kawai.

Ummu Fadila (Landan): Hmm Maman Ilham kada ki fara wallahi. Ni na sayi guda 12 lokacin kaka, shuɗi da ruwan lemo har da wani kore shar, na jera bakin ƙofa yara suna ta hoto, ashe fenti ne aka fesa musu, babu heather shuɗi a duniya. Kullum ina basu ruwan famfo, muka je gida hutu muka dawo na taɓa ɗaya sai ya marmashe a hannuna, sun bushe tuntuni fentin ne ya rufa musu asiri. Ba wannan ne ya ƙona min rai ba, da muka tashi daga gidan ejan mai gidan ya ɗauki hotonsu ya rubuta wai mun bar gadin a lalace aka yanke mana fam 150 a kuɗin ajiya. Filin da na tarar da kwalabe a ciki fa!

Baffa Glasgow: Inna lillahi. Nawa kika saye su?

Ummu Fadila: Fam 3 kowanne.

Hajiya Bradford: An cuce ki, shida fam 10 ake sayarwa.

Maman Ilham: Ni fam 6 na gani ɗaya fa.

Injiniya (Manchesta): Ku tsaya tukuna, iri-iri ne kuke haɗa su wuri guda. Calluna, na tsaunukan Baffa, fure yake daga Agusta zuwa kaka kuma ƙasa mai tsami yake so, ma'aunin tsamin ƙasa (pH) wajen 5, a kan alli ganyen zai yi rawaya ya mutu. Erica carnea shi kuma yana jure ƙasar alli, furensa daga tsakiyar sanyi zuwa Afrilu. Ki duba sunan a jikin takardar tukunyar. In Calluna kike so sai tukunya da buhun ƙasa mai rubutun ericaceous, ruwan sama za ki tara masa don ruwan famfon Luton da Landan alli ne a ciki, ki duba cikin butar shayinki ki gani. Wurin rana yake so, kada tukunyar ta bushe ƙayau don baya farfaɗowa, in ya gama fure ki aske kan kaɗan kada ki kai ga tsohon icce.

Ummu Fadila: Injiniya ka taɓa shukawa ko karatu ne?

Injiniya: Nawa suna nan shekarunsu, da ruwan famfo ma.

Ummu Fadila: Ruwan Manchesta daga tafkunan Lake District yake zuwa, ba alli. Kai da Baffa ba ku san zafin abin ba.

Baffa Glasgow: To ke da kika kashe 12 ce za mu bi? 😂

Yaya Hamburg: Nan Jamus fa makabarta ake kai shi lokacin kaka, musamman Erica gracilis, asalinsa Afirka ta Kudu ne, ƙanƙara mai ƙarfi na sauka ya mutu. Ni dai bazan ajiye furen kabari a ƙofata ba. Amma Lüneburger Heide, babban filin heather a arewacin Jamus, cikin Agusta akwai kyau, ba ƙarya.

Abu Sadiq: Kun ji ko, furen kabari fam 6. Alayyahu dai alayyahu.

Maman Ilham: Injiniya carnea ɗin zai cika filin kafin shekara?

Hajiya Bradford: Ummu Fadila ke kuma me ya hana ki ƙi yarda da yankan? Kuɗin ajiya a Ingila doka ce a saka shi a tsarin kariya, kina iya kai ƙara can kyauta, su ne za su kawo hujja.

Ummu Fadila: Hajiya ba mu ɗauki hoto ranar shiga ba, Abban yara ya ce a bar wa Allah.

Abu Sadiq: Ku naku gadin ne. Mu kan labule aka yanke mana, labulen da matata ta ɗinko daga Kwari muka bar musu kyauta, wai kuɗin cirewa.

Baffa Glasgow: Nawa suka yanke?