Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Riƙa Auna Fahimtarsa da Kansa

A wata tattaunawa tsakanin malamai da ɗaliban jami'a, an fi tsayawa kan dalilin da ya sa ɗalibi kan raba dare yana karatu, amma da ya ga takardar jarrabawa sai kansa ya ɗaure. Yawancin masu magana sun danganta hakan da rashin lura da yadda tunanin mutum yake aiki, batun da masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Flavell, ya yi bayani a kansa a shekarun 1970.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce ɗalibi ya rufe littafi bayan kowane babi, ya ɗauki farar takarda ya rubuta abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi giɓi, domin maimaita karatu da ja wa layuka biro kan sa mutum ya zaci ya gane alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin. An kafa hujja da binciken wasu masana halayyar ɗan Adam, Roediger da Karpicke, na 2006, wanda ya nuna cewa waɗanda suka gwada kansu sun fi masu maimaita karatu tunawa bayan mako guda.

An kuma ba da shawarar tsara jadawali, musamman ga ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, waɗanda ba kullum suke ganin malami ba. Sai dai an sami saɓani kan karatun rukuni: wasu na ganin yi wa aboki bayani na tona raunin fahimta, wasu kuwa sun ce sau da yawa hira ce take cinye lokacin.