Neman shawara: Mina zuwa Arfa a ƙasa, wace manhaja zan riƙe?

Abban Walid, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Jidda nake aiki, bana Allah ya nufa na samu tasrihin Hajji, wato izinin hukuma, ta hannun wata hamla (kamfanin jigilar alhazai), ni da kawuna. Niyyarmu mu taka daga Mina zuwa Arfa a ƙasa, mu dawo Muzdalifa a ƙasa, sannan mu wuce Jamra. Kawu ne ya kafe. Ya ce kakansa da ƙafa ya taso daga Katsina, ya ratsa Chadi da Sudan har Sawakin, don haka shi ba zai zauna cikin bas ana jan jiki ba. Ya haura shekara 60, amma da ƙarfinsa. Ni kuwa ban san hanya ba. Na sauke Nusuk, manhajar hukumar Hajji ta Saudiyya, da Google Maps. Sun wadatar, ko akwai wata? Me ake yi idan sabis ya ɗauke? Caji fa, tunda a fili za a kwana? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Hindawiyya:
Wa alaikumus salam. Akwai abin da yawancin mutane ba su sani ba game da Google Maps: ko ka sauke taswirar Makka a wayarka, idan babu intanet hanyar mota kaɗai za ta zana maka, ba ta ba da hanyar mai tafiya a ƙasa. Amma ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake zai ci gaba da aiki, domin GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ya cin data. Saboda haka ka ƙara da Organic Maps ko Maps.me, su suna fitar da hanyar ƙafa ba tare da intanet ba, muddin ka sauke taswirar tun kana gida.

Da kun isa hemarku ta Mina ranar 8 ga wata, kafin ka ajiye jaka, ka tsaya a bakin ƙofa ka dasa alama a taswira. Ka ɗauki hoton allon da ke ɗauke da lambar hema da lambar titi. Hemomin Mina duk farare ne, kamarsu ɗaya, kuma a dawowa daga jifa aka fi ɓacewa. Layi biyu ya fi, misali STC da Mobily ko Zain, don wani lokaci za ka ga sabis cike amma saƙo ya ƙi tafiya saboda yawan jama'a. Fawa bank mai 20,000, da igiyar caji biyu.

Baba na Jarwal:
Yaro, ka ji bayanin ɗan'uwanka, yana da kyau. Ni ga nawa. A ranakun Hajji ba waya ke da hanya ba, askarawa ke da ita. Titin da taswira za ta ce maka ka bi, kana isa za ka tarar an gitta shinge, ko an mai da shi na masu dawowa kaɗai. Ka tsaya kana nuna wa askar allon waya, zai ce maka "yalla ya hajj" ya nuna maka gaba. Kada ka yi musu, kada ka juya ka fuskanci taron mutane don layin shuɗi ya ce ka koma baya. Nan ne haɗari yake, musamman wajen gadar Jamra, inda mashiga daban mafita daban.

Hanyar masu ƙafa a fili take, Ɗariƙul Mushat ake ce mata, ta ratsa Muzdalifa har Arfa, da famfunan ruwa da banɗakuna a gefe. Ba ta da ɓata. Abin da ke ɓatar da mutum shi ne ƙarshenta, wato gano hemarku a cikin Arfa. Don haka tun a Mina ka karɓi wurin hemar Arfa daga shugaban hamlarku. Kafin duk wannan ma, ka tambaye shi ko an yarda ku ware. Yanzu kowace hamla da lokacin tashinta da aka tsara mata, ba kamar zamaninmu ba da kowa ke ɗaukar tabarma ya kama hanya.

Maman Hanan, Makka:
Ni aikin jinya nake yi, kuma ba wayar ce ta dame ni ba, Kawu ne. Mina zuwa Arfa ya kai wajen kilomita 14, ya danganta da inda hemarku take, ga tsayuwar yini, ga komawa Muzdalifa bayan faɗuwar rana. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukuma ta ce kashi 83 cikin ɗari marasa tasrihi ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa babu wurin hutawa. Ku kuna da tasrihi, kuna da bas, kuna da hema mai sanyi. Kakan Kawu ba shi da zaɓi, shi yana da shi.

In dai sai an taka, a taka Arfa zuwa Muzdalifa, tunda dare ne kuma ta fi gajarta. Zuwa Arfa da safe ku hau mota. Idan yana da hawan jini ko suga, ya ga likita tukuna. Ka ajiye lambar gaggawa 911, da 997 ta Hilal Ahmar masu motar ɗaukar marasa lafiya, ka sauke manhajarsu ta Asafny, tana aika musu inda kake. Kuma ka sani waya ma zafi na kayar da ita. Ka riƙe ta a rana allo a kunne, za ta dushe ko ta kashe kanta. A jaka ake sa ta, a ciro a duba a mayar.

Abu Ammar, Misfala:
Allah ya saka wa Hajiya. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi ingancin Hajjin kansa. Kada ka bar wa ɗigon waya hukuncin ko ka shiga Arfa ko ba ka shiga ba. Yana iya kaucewa da mitoci masu yawa, alhali iyaka a nan ba abin wasa ba ce. Kwarin Urana ba ya cikin Arfa, haka ma ɓangaren gaba na Masallacin Namira. Masu zuwa a ƙasa su suka fi faɗawa wannan, don ta wannan gefen suke shigowa, sun gaji, suna ganin masallaci sai su shimfiɗa tabarma. Ka nemi manyan allunan da aka rubuta farkon Arfa da ƙarshenta, ka wuce su sosai. Haka a Muzdalifa, kada a yada zango kafin a shiga iyakarta. Manhajar addu'o'i ba laifi, amma ka kashe sanarwar WhatsApp ranar nan.

Ɗan Hindawiyya:
Baba, ban ƙi maganarka ba, sai dai kada a raina wayar. Da dare a Muzdalifa, mutum ya je banɗaki ya fito, ko'ina farin harami ne kwance, allo ba zai nuna masa tabarmarsa ba. Alamar da ya dasa a taswira ce za ta mai da shi. Inda na yarda ba ta da amfani shi ne cikin nafaƙ, ramukan dutsen nan na tsakanin Mina da Makka, don GPS ba ya ratsa dutse. Abban Walid, da dare ka sa ta a yanayin jirgi, GPS zai ci gaba da aiki, batir kuma ya huta da neman sabis.

Baba na Jarwal:
To, na ji. Amma shi Kawun, ya iya latse-latsen nan? In kun rabu, wayarka ba ta tare da shi. Katin Nusuk ya zauna a wuyansa ko barci yake, bayanan hamlarsa na jiki, duk ma'aikacin da ya duba zai san inda zai kai shi. Ka kuma rubuta masa lambarka da ta shugaban hamla a takarda, ya soke a bel ɗin haraminsa.

Abban Walid, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Kawu maganar Hajiya, ya yi shiru, sannan ya ce Arfa zuwa Muzdalifa dai ba ya bari. Shugaban hamla ya ce zai ba ni amsa idan jadawalinsu ya fito. Ɗan Hindawiyya, na buɗe Organic Maps ɗin, sunayen wurare da Larabci suke fitowa, ni kuma karatun nawa na allo ne, sai da wasali.

Ɗan Hindawiyya:
Ba sai ka karanta ba. Wurare huɗu kawai kake bukata: hemar Mina, hemar Arfa, inda kuka shimfiɗa a Muzdalifa, da mashigar Jamra da aka ba hamlarku. Danna kowanne ka ajiye, ka sa masa suna da Hausa. Ka gwada ranar Juma'a a unguwarku, kashe data ka ga ko za ta mai da kai gida.